Chester Carlson, Ɗan Mai Askin Da Ya Ƙirƙiro Na'urar Fotokofi

An haifi Chester Carlson ranar 8 ga Fabrairu, 1906, a birnin Siyatul na Amurka. Mahaifinsa mai aski ne da tarin fuka da amosanin gaɓɓai suka kwantar, don haka tun yana yaro ɗawainiyar gida ta hau kansa. Mahaifiyarsa ta rasu yana shekara 17. Duk da wannan ƙunci ya kammala digiri a fannin Fiziks a Caltech a 1930.

A birnin Niyok ya samu aiki a sashen rajistar haƙƙin ƙirƙira, inda kowace takarda sai an sake buga ta ko a kwafe ta da hannu. Wannan wahala ce ta hana shi sukuni. Ranar 22 ga Oktoba, 1938, a wani ɗaki a unguwar Astoriya, shi da mataimakinsa Otto Kornei suka shafe farantin ƙarfe da farar wuta, suka goge shi da hankici har ya ɗauki cajin lantarki. Suka ɗora gilashi mai rubutu suka haska fitila. Cajin ya ɓace inda haske ya taɓa, ya saura a ƙarƙashin rubutun, sai garin da suka barbaɗa ya manne a nan kaɗai. Kwafin farko ke nan, kwanan wata da sunan unguwar.

Kamfanoni fiye da 20, har da IBM, suka juya masa baya. Sai a 1944 Cibiyar Battelle ta karɓi aikin, daga baya ƙaramin kamfanin Haloid ya sayi lasisi. Na'urarsu ta Xerox 914, wadda ta fito a 1959, ta samu karɓuwar da ta sa kamfanin ya koma Xerox a 1961.

Carlson ya yi arziki, ya kuma rabar da mafi yawansa, galibi ba tare da bayyana sunansa ba. Ya rasu ranar 19 ga Satumba, 1968. Bai ga na'urar launi ta Xerox 6500 ba, wadda ta fito a 1973 da matsalar da baƙin kwafi bai sani ba: kowane launi daban ake ɗora shi, kuma in ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, gefen hoton ya dagule. Shi ya sa na'urorin yau ke buga 'yan alamomi a kan bel ɗinsu, su auna su, su gyara zaman launukan da kansu.