Aisha Falatiya: 'yar Sakkwatawa da ta shigar da sunan Fallata gidan rediyon Omdurman

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a Khartum ko Omdurman ya san kalmar Fallata. Wani lokaci ana kiran mutum da ita a yi dariya, wani lokaci kuma ana jefa ta kamar dutse, don a tuna masa cewa kakanninsa daga yamma suka zo. Amma akwai macen da ta ɗauki wannan suna ta ɗora shi a kan faifan garmaho, har ya zama ba a ba da tarihin waƙar Sudan sai an ambace shi. Sunanta na yanka Aisha Musa Ahmad, duniya kuwa ta san ta da Aisha Falatiya.

Asalin kalmar daga Barno yake, domin da Fulata Barebari ke kiran Fulani. Da ta isa Sudan sai ta yi faɗi, ta rufe Fulani da Hausawa da Barebari da Zabarmawa da duk wanda ya fito daga Afirka ta Yamma. Kafin ita akwai wata tsohuwar kalma, Takari, daga sunan daular Takrur ta bakin kogin Sanagal. Hanyar hajji ce ta kai waɗannan mutane can. Ana tashi daga Kano ko Katsina ko Damagaram, a bi ta Barno da Wadai da Darfur, a sauka El Obeid, a wuce Omdurman, daga nan a nufi tashar Suwakin a tsallaka Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa noma ko ƙwadago don a tara guzuri, kuma da yawa inda suka yada zango nan ya zama gida. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903 aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, ayarin masu hijira ya ƙaru. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari kusa da Sennar, wanda har yau yake amsa sunansa.

Iyayen Aisha ma ta wannan hanya suka zo daga ƙasar Sakkwato. Mahaifinta, Malam Musa Ahmad, Bafulatani ne masanin addini, mahaifiyarta kuwa Bahausa ce. An haife ta a Kassala, gabashin Sudan, a farkon ƙarni na 20, daga baya iyalin suka koma Omdurman, inda mahaifin ya buɗe makarantar allo, irin wadda mutanen Sudan ke kira khalwa. A nan ta yi karatun Alƙur'ani, kuma masu nazarin waƙarta suna danganta fitar harafinta da iya sarrafa numfashinta da wannan tilawa ta ƙuruciya.

Tana kimanin shekara 14 ta fara waƙa a gidajen biki. A Omdurman ta lokacin, waƙar mata ta cikin gida ce, a gaban amarya da ƙawayenta, kuma mace mai waƙa don kuɗi ba ta da daraja a idon jama'a, balle 'yar malami. Mahaifinta bai yarda ba, ya yi mata aure da fatan ɗakin miji zai rufe bakinta. Auren bai daɗe ba ya mutu, ita kuwa ta koma ga sana'arta.

Ƙofa ta buɗe mata a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da wakilin wani kamfanin faifai na Masar ya ji muryarta ya kai ta Alƙahira ta naɗi waƙoƙi. A jikin waɗannan faya-fayai aka rubuta Aisha Falatiya. Suka dawo Sudan suka cika gidajen gahawa, inda maza ke taruwa kewaye da garmaho. Mutumin da ba zai bar 'yarsa ta auri Bafallace ba, sai ga shi yana neman a sake masa faifan 'yar Fallata.

Yaƙin Duniya na Biyu ya shigo Sudan ta gabas. Sojojin Italiya suka mamaye Kassala, garin haihuwarta, a Yulin 1940, ba a fitar da su ba sai Janairun 1941. Aisha ta riƙa zuwa sansanonin sojojin Sudan da ke fagen daga a gabashin Afirka da arewacinta, tana yi musu waƙa don ƙarfafa gwiwa. A 1940 ɗin ne gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Rediyon Omdurman don labaran yaƙi, kuma a 1942 Aisha ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a cikinsa. 'Yar'uwarta Jidawiya ce ke kaɗa mata ud, molon Larabawa, abin da shi ma ba a saba ganinsa a hannun mace ba.

Masu sauraro sun yi murna, amma wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa tashar, masu ra'ayin riƙau kuma suka yi ta suka. Laifinta biyu ne a wurinsu: ga ta mace, ga ta Bafallata. Tsangwamar ta kai har ta yi tunanin kwashe kayanta ta koma Najeriya. Ba ta tafi ba. Ta ci gaba da waƙa har cikin shekarun 1960, ta naɗi waƙoƙi sama da 150, yawancinsu na soyayya, wasu kuma kan haƙƙin mata da ma'aikata da neman 'yancin Sudan, wanda aka samu ranar 1 ga Janairun 1956. Daga baya har waƙar haɗin gwiwa ta yi da mawaƙa maza, kuma matan da suka biyo bayanta sun tarar da ƙofar rediyo a buɗe.

Sai dai ɗaukakar da ta samu ba ta share wa danginta hawaye ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da ta 1957 da ta gaje ta, sun nemi mutum ya nuna cewa zuriyarsa na Sudan tun ƙarshen 1897. Wannan sharaɗi ya bar iyalai masu yawa da suka zo bayan Burmi a waje, duk da cewa hannayensu ne suka tsinci audugar Jazira tun da aka buɗe madatsar ruwan Sennar a 1925. Rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022, wanda ya samo asali daga neman da Hausawa suka yi na a ba su sarautar gargajiya, ya nuna cewa tambayar wane ne ɗan ƙasa ba ta mutu ba.

A tsallaken Bahar Maliya, irin waɗannan sunaye sun rikiɗe sun zama sunayen iyali. A Makka da Madina da Jidda akwai gidajen Fallata, da Hausawi, da Barnawi, da Takruni. Shaihu Umar Fallata ya yi shekaru yana karantar da hadisi a Masallacin Annabi, kuma Usama Hausawi ne ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Sunan da baƙi suka laƙaba wa matafiyi ya koma abin da jikansa ke rubutawa a fasfo.

Aisha ta rasu a Omdurman ranar 24 ga Fabrairun 1974. Yawancin waƙoƙinta a taskar Rediyon Omdurman aka ajiye su, ginin da dakarun RSF suka mamaye bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, sojojin gwamnati suka karɓe shi a Maris 2024. Saboda haka duk iyalin da ke da tsohon kaset ɗinta a cikin adaka, a Kassala ko Jidda ko Maradi, ya dace su nemi wanda zai kwafe shi cikin kwamfuta kafin ya lalace.