Grace Hopper: Sojar ruwan da ta samar wa kwamfuta tafinta

A farkon zamanin kwamfuta, ba kowa ke iya bai wa na'ura umarni ba. Aikin ya taƙaita ga 'yan tsirarun masana lissafi da suka haddace jerin lambobin da na'urar ke ganewa, kuma kuskuren lamba ɗaya kan jawo asarar yini guda. Cikin waɗanda suka rushe wannan katanga akwai Grace Hopper, malamar lissafi kuma hafsar sojin ruwan Amurka. Ta sauƙaƙa rubuta manhaja, daga baya kuma ta dage cewa kada gwamnati ta sayi kayan fasaha bisa alƙawarin kamfani sai an gwada an tabbatar.

An haifi Grace Brewster Murray a birnin New York ranar 9 ga Disamba, 1906. Tun tana ƙarama take kwance agogunan gidansu don ta ga abin da ke motsa su. Ta kammala digiri na farko a lissafi da kimiyyar fiziks a Kwalejin Vassar a 1928, ta kuma samu digirin digirgir a lissafi daga Jami'ar Yale a 1934, lokacin da mata masu irin wannan shaida ba su da yawa. Ta auri Vincent Hopper a 1930. Auren ya mutu a 1945, amma ta ci gaba da amsa sunansa.

Tana koyarwa a Vassar Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Da ta nemi shiga soja, an ƙi ɗaukarta saboda shekarunta da ƙarancin nauyin jikinta. Ta yi ta nacewa har aka karɓe ta cikin dakarun ko-ta-kwana na sojin ruwa a ƙarshen 1943. A 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard ƙarƙashin Howard Aiken, inda ta tarar da Mark I, na'ura mai tsawon fiye da mita 15, wadda ke karanta umarni daga dogon zaren takarda mai huje-huje, tana yi wa sojoji lissafin harba makamai.

A Harvard ɗin ne aka yi abin da ya fi yaɗuwa a labarinta. Ranar 9 ga Satumba, 1947, ma'aikatan na'urar Mark II suka gano wani ƙwaro, irin mai bin hasken fitila da dare, ya maƙale a ɗaya daga cikin makunnanta. Suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu na yau da kullum, wanda yanzu ke ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington. Injiniyoyi sun daɗe suna kiran matsalar na'ura da sunan ƙwaro tun kafin wannan rana, amma yawan ba da labarin da Hopper ta yi ya taimaka wa kalmar ta zauna daram a bakin masu rubuta manhaja.

Babban aikinta ya zo ne bayan ta koma kamfanin Eckert-Mauchly a 1949, masu ƙera UNIVAC. Ta lura cewa masu rubuta manhaja suna ta kwafar umarni iri ɗaya da hannu, suna kuma tafka kuskure wajen kwafar. Sai ta tattara waɗannan guntayen umarni a faifai, ta bai wa kowanne lamba, ta rubuta manhajar da za ta ɗauko su ta harhaɗa da kanta. Wannan ita ce A-0 ta 1952, ɗaya daga cikin magabatan manhajar tafinta, wadda ke juya rubutun mutum zuwa lambobin na'ura. Abokan aikinta da dama ba su yarda da ita ba, domin a ganinsu lissafi kaɗai kwamfuta ta iya.

Daga nan ta jagoranci samar da FLOW-MATIC, harshen da ke amfani da kalmomin Ingilishi na yau da kullum, don akawu da ma'aikatan kamfanonin inshora su iya karanta abin da na'ura ke yi da lissafinsu. Ta ma nuna cewa za a iya rubuta umarnin da kalmomin Faransanci ko Jamusanci, tunda na'ura ba ta da harshen uwa, amma shugabannin kamfanin ba su karɓi wannan ba. A 1959 aka yi taro a Pentagon don samar da harshe ɗaya na harkokin kasuwanci. Hopper ta kasance mai ba da shawara, kuma harshen COBOL da ya fito ya gaji abubuwa da yawa daga FLOW-MATIC. A Disamban 1960, manhaja ɗaya ta COBOL ta yi aiki a kwamfutocin kamfanoni biyu daban, UNIVAC da RCA.

Sai dai samun harshe ɗaya a takarda bai kashe matsalar ba. Kowane kamfani ya riƙa cusa nasa ƙari, ta yadda wanda ya sayi na'urarsa ba zai iya komawa wajen wani ba sai da asara mai yawa. Hopper ta yi ritaya a 1966, amma a 1967 rundunar ta dawo da ita don ta daidaita harsunan kwamfutocinta, a kan aikin wata shida da ya zarce shekaru. Tawagarta ta rubuta jerin manhajojin gwaji da ake ɗora wa tafintan kowane kamfani, a ga ko ya bi ƙa'ida ko ya kauce. Ta haka mai saye ya samu ma'aunin da zai ƙure mai sayarwa, kuma kamfanonin suka fara bin layi ɗaya. Daga baya hukumar ma'auni ta ƙasar ta karɓi ragamar wannan gwaji.

Ta kuma shahara wajen koyarwa. Takan raba wa masu sauraro guntayen waya masu tsawon kusan santimita 30, wato nisan da haske ke ci cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, don manyan hafsoshi su fahimci abin da ke jinkirta saƙon tauraron ɗan'adam. A ofishinta akwai agogon da ke juyawa ta baya, shaida cewa saba wa abu ba hujja ba ce.

Ta yi ritayar ƙarshe a 1986 da muƙamin Riya Admiral, tana da shekara 79. Ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. A 2016 Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar girmamawa mafi girma ta farar hula, a 2017 kuma Yale ta cire sunan John C. Calhoun, ɗan siyasar da ya kare cinikin bayi, daga ɗaya daga cikin kwalejojinta, ta sa nata.

Har yau bankuna da ma'aikatun gwamnati da dama na dogaro da COBOL. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, masu neman tallafin rashin aiki sun yi wa tsofaffin kwamfutocin jihar New Jersey yawa, har Gwamna Phil Murphy ya fito yana neman waɗanda suka iya harshen su kawo ɗauki.