Florence Nightingale, Uwar Masu Jinya

An haifi Florence Nightingale ran 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence a ƙasar Italiya, shi ya sa aka sa mata wannan suna. Iyayenta Turawan Ingila ne masu dukiya. A 1837 ta ji a ranta Allah yana kiranta ga aikinsa, daga baya kuwa ta gane jinya ce aikin. Iyayenta suka ƙi, gama a zamanin nan ana ganin jinya aikin matan da ba su da mutunci ne. A 1851 ta tafi Kaiserswerth a Jamus, ta yi wata 3 tana koyo wurin mata masu hidimar ekklesiya.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha a Krimiya. Aka aike ta da masu jinya 38 zuwa asibitin soja na Sukutari, kusa da Istambul. Suka isa a watan Nuwamba. Abin da suka tarar ba kyan gani. Tsohon bariki ne, an gina shi bisa magudanar ƙazanta, ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata. Kwalara da atuni da zazzaɓi suna kashe sojoji fiye da harsashi.

Likitoci ba su yi murna da zuwan mata ba. Florence ta hana mutanenta taɓa majinyaci sai likita ya kira su. Wannan ya yi wa waɗansunsu zafi, amma da ta kutsa da ƙarfi, da an kore su duka. Suka zauna suna gyaran tufafi, suna dafa abinci mai sauƙi. Ba a daɗe ba aka kawo ɗaruruwan masu rauni daga yaƙin Inkerman, likitoci suka rasa yadda za su yi, suka nemi taimako.

Sa'an nan matan suka soma gyara wurin aikinsu da hannunsu. Florence ta sayo buroshi, suka wanke daɓe. Ta yi hayar gida don wanki, ta ɗauki matan sojoji aiki a ciki. Ta sayo riguna da cokula da kuɗin da jaridar Times ta tara. Da dare takan zaga ɗakuna da fitila.

Duk da haka mutuwa ba ta ragu nan da nan ba. Sojoji fiye da 4,000 suka mutu a can a lokacin ɗarin farko. Sai da gwamnati ta aiko da masu duba tsabta a watan Maris 1855, aka yashe magudanu, aka buɗe wa iska hanya, kana mutuwa ta ragu ƙwarai. Florence ba ta manta da wannan ba duk kwanakinta.

A 1860 ta buɗe makarantar masu jinya a asibitin St Thomas a Landan, da ɗalibai 15. Ta nace cewa likita ne mai faɗin magani, amma horon masu jinya da tsarin aikinsu a hannun babbarsu yake, wadda ita ma mai jinya ce. Ɗalibanta suka kai wannan tsari asibitoci da yawa, har Ostareliya.

Ciwon da ta ɗauko a Krimiya ya tsare ta a ɗaki shekaru da yawa, tana ta aiki da alkalami. Ta rasu ran 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90.