Tafawa Ɓalewa da Kogin Kwara

An haifi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauchi a 1912. A nan jiharmu ya yi karatu, a Kwalejin Katsina, sannan ya zama malamin makaranta.

Yana Firayim Minista, a 1964, Najeriya ta haɗu da maƙwabtanta a Yamai suka kafa hukumar kula da kogin Kwara. Dalili kuwa, kogin ba namu ba ne mu kaɗai. Daga Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar kafin ya iso mana. In na sama suka tare ruwa, madatsar Kainji ba za ta ba mu lantarki ba.

An kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, tun ba a gama ginin Kainji ba. Allah ya jiƙansa.