Kyaftin Joshua Slocum, Wanda Ya Fara Kewaya Duniya Shi Kaɗai

An haifi Joshua Slocum a lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada ran 20 ga Fabrairu, 1844. Tun yana yaro ya shiga aikin teku, har ya zama kyaftin na manyan jirage masu filafilai, watau ƙyallayen nan da ake ɗaurawa a jigo don iska ta kora jirgi. Da jirage masu inji suka yawaita sai kasuwar irinsu ta faɗi, ya rasa aiki.

Cikin 1892 wani abokinsa ya ba shi wani ruɓaɓɓen jirgi mai suna Spray, wanda aka yasar a fili a garin Fairhaven na Amurka. Ya sari itace da hannunsa, ya sake gina shi cikin wata 13, a kan dala 553. Tsawonsa bai cika ƙafa 37 ba. Ran 24 ga Afrilu, 1895, ya tashi daga Boston, ba kowa a jirgin sai shi.

Malamanmu na Gaya da Ajingi, waɗanda suka saba ganin kwale-kwale a Kogin Wudil, sun san matuƙi ba ya sakin gora. To, mutum guda a tsakiyar teku, yaushe zai yi barci? A nan ne, a ganinmu, gwanintarsa take. Ya rage wa kansa aiki tukuna: a Buenos Aires ya datse ƙafa 7 daga babban jigo, don filafilan su zama daidai ƙarfin mutum ɗaya. Sa'an nan a mashigin Magellan ya kafa wani ƙaramin jigo a bayan jirgin. In ƙarfin iskar da ke tura filafilan gaba ya yi daidai da na baya, jirgi ba ya karkacewa. Sai ya ɗaure sitiyari da igiya, ya shiga ɗaki ya yi girki, ko karatu, ko barci. A Tekun Indiya ya yi mil 2,700 cikin kwana 23, bai riƙe sitiyari fiye da sa'a uku ba. Agogonsa kuwa na gwangwani ne, dala guda ya saye shi.

A Afirka ta Kudu ya sadu da Shugaba Kruger, wanda ya ƙi yarda cewa kewaya duniya yake yi, don shi a wurinsa duniya shimfiɗaɗɗiya ce. Ran 27 ga Yuni, 1898, ya sauka Newport, bayan tafiyar mil 46,000.

Bayan kamar shekara goma ya sake fita cikin Spray, ita kuwa ta riga ta tsufa. Ba a ƙara jin labarinsa ba, kuma duk zamansa a teku bai koyi iyo ba. Cikin 1924 shari'a ta yanke cewa ya mutu.