Kyaftin Evans: Matuƙin jirgin wasiƙu da ya bar sunansa a wasan darar ces

An haifi William Davies Evans ranar 27 ga Janairun 1790 a gundumar Pembrokeshire da ke yankin Wales na ƙasar Birtaniya. Yana ɗan shekara 14 ya shiga aikin jirgin ruwa, a lokacin da ƙasarsa ke fafatawa da Faransa ƙarƙashin Napoleon. Da yaƙin ya ƙare a 1815, sai ya koma sashen gidan waya, inda ya kai matsayin kyaftin a 1819. Daga baya aka damƙa masa jirgi mai aiki da tururi, yana jigilar wasiƙu tsakanin Milford Haven da Waterford ta ƙasar Ailan.

Bai koyi darar ces ba sai da ya kai kimanin shekara 28, kuma bai taɓa mayar da ita sana'a ba. Ma'aikacin gwamnati ne da ke buɗe allon dara idan aiki ya lafa. A cikin wannan jirgi ne, wajen shekarar 1824, ya ƙirƙiro salon buɗe wasa da ake kira gambit ɗin Evans har yau.

Kalmar gambit ta samo asali ne daga harshen Italiya, inda take nufin taɗiye abokin kokawa. A dara kuwa, ma'anarta ita ce ɗan wasa ya miƙa dakare guda da gangan tun farkon wasa, domin ya riga abokin karawarsa fito da manyan mayaƙa. Lissafin ya yi kama da na ɗan kasuwar da ya karya farashi don kayansa su riga na kowa shiga kasuwa. Idan bai yi amfani da damar da sauri ba, asarar ce kawai za ta rage masa.

Wajen 1827 Evans ya je Landan, ya kara da Alexander McDonnell, ɗan asalin Belfast, wanda daga baya ya zama gwanin gwanaye a Ingila. Evans ne ya riƙe farare. Bayan ya ɓoye sarkinsa a kusurwa, sai a taku na biyar ya tura dakarensa gidan b4, daidai bakin giwar baƙaƙe, wato mayaƙin da ke tafiya a karkace. McDonnell ya cinye dakaren. Nan take Evans ya kori giwar da wani dakaren, sannan ya tura na uku tsakiyar allo. Taku biyu ke nan McDonnell ya ɓata wajen ci da gudu, alhali Evans yana share wa mayaƙansa hanya.

A taku na takwas sarauniyar Evans ta fito gidan b3, ta haɗa ƙarfi da giwa ɗaya a kan gidan f7, wanda shi ne mafi rauni a kusa da sarkin baƙaƙe. A taku na 11 ya kai ɗaya giwar gidan a3, ta tare hanyar da sarkin zai bi ya ɓuya a kusurwarsa ta kusa. Daga nan sarkin McDonnell ya maƙale a tsakiya. A taku na 15 Evans ya sake yin sadaukarwa, ya ba da hasumiya a madadin doki, duk da cewa hasumiya ta fi doki daraja, don kawai ya kawar da mai gadin gidan f7. Dokinsa ya faɗa gidan, sarauniya ta yi ta korar sarki, giwa ta rufe wasan a taku na 20. McDonnell ya faɗi ne yana riƙe da hasumiyoyi biyu da ba su motsa ko sau ɗaya ba.

McDonnell bai raina darasin ba. Ya ɗauki salon ya gwada shi a kan zakaran Faransa, La Bourdonnais, a doguwar karawarsu ta 1834 a Landan, shi ma Bafaranshen ya karɓe shi. A 1852 Adolf Anderssen, malamin lissafi a Jamus, ya doke Jean Dufresne da wannan salo a wasan da har yau ake koyar da shi. Paul Morphy na Amurka ma ya yi nasarori da shi. Kasuwar salon ta ja baya a ƙarshen ƙarni na 19, bayan Emanuel Lasker ya nuna cewa baƙaƙe na iya mayar da dakaren su zauna lafiya. Amma a 1995, a birnin Riga, Garry Kasparov ya farfaɗo da shi, ya doke Viswanathan Anand cikin taku 25.

Evans ya yi wani aikin da ya shafi rayukan jama'a kai tsaye. A zamaninsa jiragen ruwa na yawan yin karo da dare, domin matuƙi ba ya iya gane inda jirgin da ke gabansa ya dosa. Shi ake danganta wa tsarin fitilu masu launi uku, wato kore a dama, ja a hagu, fari a sama. Gwamnatin Birtaniya ta ba shi kyautar fam 1,500, Sarkin Rasha kuma ya aiko masa da agogon zinare. A kan wannan tsari jiragen ruwa ke tafiya har yanzu.

Ya yi ritaya a 1840 saboda rashin lafiya. Shekarunsa na ƙarshe sun zo masa da ƙuncin rayuwa da raunin gani, har 'yan dara a Ingila suka buɗe masa asusun taimako. Ya rasu ranar 3 ga Agustan 1872 a garin Ostend na ƙasar Beljiyam yana da shekara 82, kuma a can aka binne shi.