Terry Fox: Saurayin da Ya Yi Gudun Kilomita 5,373 da Ƙafar Roba

 Duk wanda ke bi ta Gyadi-Gyadi da safe ya saba ganin masu jinya a bakin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wasu riƙe da takardar magani suna lissafin kuɗin da babu su. Ganin haka ne ya sa muka ɗauko muku tarihin wani saurayi ɗan ƙasar Kanada wanda ciwon daji ya kama yana da shekara 18, sa'an 'yan ajinmu na ƙarshe.

An haifi Terry Fox ranar 28 ga Yuli, 1958 a birnin Winnipeg, ya kuma tashi a garin Port Coquitlam da ke yammacin ƙasar. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Tun yana yaro yake son ƙwallon kwando, duk da cewa ba shi da tsawo, kuma da farko bai iya ba. Naci ne ya sama masa gurbi a ƙungiyar makarantarsu.

A watan Maris na 1977, yana shekarar farko a Jami'ar Simon Fraser, likitoci suka gano ciwon daji a ƙashin gwiwarsa ta dama. Aka yanke ƙafar daga saman gwiwa, aka sa masa ta roba. Ya yi wata 16 yana karɓar magani, kuma a nan ne ya ga yadda cutar ke cinye yara ƙanana. Da ya warware sai ya ƙudura zai ratsa Kanada da gudu, daga gabas zuwa yamma, jama'a su riƙa ba da gudummawa don binciken maganin cutar.

Ya yi wata 14 yana atisaye. Ranar 12 ga Afrilu, 1980 ya tsoma ƙafar robarsa a tekun Atlantika a garin St. John's, ya kama hanya, abokinsa Doug Alward na biye da shi a mota. A kullum yakan yi kusan kilomita 42. Don mu gane nisan, kamar mutum ya fito daga Tarauni ne ya bi titin Maiduguri har Wudil, gobe ma haka, jibi ma haka. Mu da zagaye biyu na filin makaranta ke sa mu haki, sai mu yi shiru. Gudun nasa ma ba irin namu ba ne: sai ya yi tsalle biyu da lafiyayyar ƙafar kafin ya taka ta robar sau ɗaya, dungun kuwa yakan yi ƙuraje har ya zub da jini.

Da farko ba a kula shi sosai ba. A lardin Quebec har direbobi sun riƙa matse shi gefen titi. Amma a garin Port aux Basques, mai mutum kusan dubu goma, an tara masa sama da dala dubu goma, abin da ya ƙarfafa masa burin samun dala ɗaya daga kowane ɗan ƙasa, wato miliyan 24. Wani mai otal-otal, Isadore Sharp, wanda irin wannan cuta ta kashe ɗansa, ya yi alƙawarin dala biyu kan kowane mil, ya kuma jawo wasu kamfanoni suka yi haka. Kafin ya isa Toronto, dubban mutane ke fitowa tarbarsa.

Ranar 1 ga Satumba, 1980, bayan kwana 143 da kilomita 5,373, tari da ciwon ƙirji suka tsayar da shi kusa da Thunder Bay. Cutar ta dawo, ta kama huhu. A lokacin ya tara dala miliyan 1.7. Wasu sun nemi su ƙarasa masa gudun, ya ƙi, don yana sa ran zai dawo da kansa. Gudummawa ta ci gaba da shigowa, kuma a watan Fabrairun 1981 ta haura miliyan 24 ɗin da ya nema. Ya rasu ranar 28 ga Yuni, 1981, saura wata ɗaya ya cika shekara 23.

A watan Satumban shekarar aka fara gudun tunawa da shi, kuma har yau duk shekara ana yi. Dubban makarantu na shiga. Ɗalibi yakan bi iyaye da dangi da maƙwabta su yi masa alƙawarin abin da za su bayar, shi kuma ya fita ya yi gudun, ko tafiya, ko a keken guragu. Ba a fitar da na ɗaya, ba a ba da kofi. Kuɗin da aka tara da sunansa ya wuce dala miliyan 850.

A kusa da inda ya tsaya an kafa mutum-mutuminsa, yana fuskantar yamma, wajen da ya nufa.